Shekarar da Na Ƙi Sakin Injin Citta

Na san yadda kuke ba da labarin nan a tsakaninku, domin Rahila ta ba da shi a gabana ranar bikin ƙanwarta, mutane suna ta ƙyaƙyata dariya. Wai Baba ya ƙera injin da zai mai da mu masu kuɗi, Alhaji Sabo ya kawo kwangila har ƙofar gida, Baba ya tashi da taurin kansa ya kore ta. Taurin kai kam ina da shi, uwarku ta shaida tun kafin a haife ku. Amma kun yanke labarin a tsakiya, kun ɗauki rabin da ya fi ban dariya. Tun da yanzu ƙafa ta hana ni yawo, hannu kuwa bai fara rawa ba, bari in rubuta muku shi yadda ya faru.

Ni ɗan loko ne, wato inda ake ajiye kawunan jirgin ƙasa ana gyara su. A kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife ni, a nan na girma, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba. Aikina tukunyar jirgi ce, wato inda ake hura wutar kwal, ruwa ya tafasa, tururi ya ja tarago. Wanda ya koya mini aikin wani tsoho ne mutumin gabas, Oga Nwosu, mai gajeren wuya da dogon faɗa. Duk yadda muka gyara kan jirgi muka goge shi yana ƙyalli, ba zai yaba ba. Sai ya zagaya shi yana taɓe baki, ya ce da Hausarsa ta tasha:

"Kai Bulus, kar ka yi murna tukuna. A cikin loko kowane injin yana da kyau. Bari ya ɗauki kaya ya hau dutsen Jos, ka dawo ka gaya mini kwal nawa ya ci."

A lokacin haushi maganar take ba ni. Daga baya aka kawo kawunan jirgi masu shan dizal, kyawawa, ba hayaƙi ba toka, muka yi ta sha'awarsu. Ina nan har na ga waɗansunsu kwance a bayan loko, ciyawa ta fito ta tsakanin tayoyinsu, ƙadangaru suna shan rana a kansu. Ba wani babban abu ya kashe su ba, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, wanda sai daga ƙasar waje ake samo shi, kuɗinmu kuma ya faɗi. Ba laifin kowa nake faɗa ba. Amma duk lokacin da na wuce ta wurin sai zuciyata ta ɓaci, in ce a raina in har na taɓa ƙera wani abu nawa, ba zan yarda ya ƙare haka ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin na bar aiki, da ɗan fanshon da bai isa cefane ba. Na buɗe shagon walda a bayan kasuwa, ina gyaran ƙofa da taga da salansar babur. Uwarku Saratu, kamar yadda kuka sani, 'yar wani ƙauye ce gaba da Kachia, ƙasar citta. A can idan an tone citta bayan damina, mata ne ke zama su tsaga ta da wuƙa, su shanya a kan falalen dutse ko a bakin kwalta, su yi makonni suna gadi. Akuya ta taka, kaza ta tona, mota ta watsa mata yashi, in an yi rashin sa'a hadari ya ɓata hanya ya zubo, duk ta yi fumfuna. Mai saye kuwa yana ganin datti sai ya karya farashi. Babban mai sayen shi ne Alhaji Sabo, abokina tun muna yara, lokacin yana tallar gyaɗa a tasha ni ina kai wa babana abinci loko. Wata rana ya shigo shagona ya zauna a kan duro, ya zube mini citta mai baƙi-baƙi a kan benci.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "kai da ka shekara talatin kana dafa ruwa a cikin ƙarfe, ba za ka iya busar mini da wannan ba? Mutanen Ikko sun dawo mini da mota guda."

Daminar nan gaba ɗaya a kanta na ƙare. Na haɗa ɗaki na ƙarfe mai tire-tire na raga, na yi masa murhu a ƙasa irin na tukunyar jirgi, da bututu masu zagaya zafi ba tare da hayaƙi ya taɓa cittar ba. Alhaji ne ya sayi ƙarfen. Da kaka ta yi muka ɗora shi a mota muka kai ƙauyen su Saratu, muka kafa shi a bayan gidan surukata, Mama Asabe. Ba zan yi muku ƙaryar tawali'u ba, injin nan ya yi aiki. Abin da ke cin makonni a kan dutse, kwana biyu ya fito da shi fes, fari sol, ƙamshi har bakin hanya. Mama ta ɗebi hannu guda ta shinshina, ta ɗaga sama kamar mai kai baiko a coci.

"Ubangiji ya yi maka albarka, Bulus. Bana akuya bai taka citta na ba. Bayana ma ya huta."

Kafin wata ya ƙare, ƙauyukan kewaye sun ji labari, ana ta kawo citta a ka da kan keke. Wutar murhun ba ta mutu ba har aka gama kakar. Samari suka samu sana'a, su shiga kurmin da ke bakin rafi su saro itace su kawo, yaron Alhaji ya saya. Duk zuwan da na yi sai in tsaya in kalli tarin itacen nan, in tambayi daga ina. Su ce daji ai ya yi yawa, Baba. Ni kuma maganar Oga Nwosu tana yi mini yawo a kunne, domin na ga injin yana aiki, amma abin da yake ci bai gama bayyana gare ni ba.

Alhaji bai jira ba. Ya haɗa kai da waɗansu dillalai, suka ce in ƙera musu da yawa, kowane babban ƙauye daga Kachia har wajen Zangon Kataf a kafa ɗaya kafin kaka mai zuwa. Aikin da zai sa in ɗauki ma'aikata, in gina gida, in daina lissafin kwanon masara. Na ce masa na ji, na kuma gode, amma ya bar ni shekara ta zagayo tukuna, in ga ƙauyen a lokacin shuka kamar yadda na gan shi a lokacin girbi. Ya dube ni kamar na zare.

"Me ya haɗa injin busarwa da shuka, Injiniya?"

"Ban sani ba, Alhaji. Shi ya sa nake so in gani."

Da bikin Ista muka tafi ƙauye ni da uwarku, ruwan fari ya sauka, kowa yana gona. A nan na ga abin da ɗan kwatas irina bai taɓa lura da shi ba. Ashe citta ba a shuka ta a bar ta tsirara. Ana binne ta, sai a rufe kunyar gaba ɗaya da ɗanyen ganye, a jibga shi da kauri, don kada rana ta ƙone ta kafin ta tsiro, ƙasa kuma ta riƙe sanyi. Ganyen ya ruɓe daga baya ya zama taki. Mata ne ke zuwa su sassabo rassan, su ɗaure dami su ɗauko a ka. Na lura tun safe suke fita, ba sa dawowa sai rana ta take, kowace da dami ɗaya, tana haki. Gonar Mama kuwa rabinta a buɗe take, ƙasa tana ta shan rana. Na tambaye ta dalili.

"Bana ganye ya yi nisa," in ji ta. Iyakar abin da ta ce ke nan, kamar mai ba da labarin ruwan sama.

Washegari na ce zan bi su. Sai da suka yi dariya har da riƙe ciki, wai mijin Saratu mai takalmin ƙarfe zai ɗauki damin mata. Na bi su duk da haka. Muka gangara bakin rafi, wurin da kurmin yake, sai ga kututture a jere, doka da kirya da maje, sababbin sara, waɗansu sun fara ƙoƙarin toho. Matan ba su ko tsaya ba, suka ratsa ta tsakiya suka haye rafin suka ci gaba da tafiya, har sai da ƙauyen ya ɓace mana a baya kafin muka kai inda ganye yake. Ni na tsaya. Na san itacen nan, ni na ga an tura shi cikin murhuna guntu-guntu. Babu wadda ta ɗora wa injin laifi a cikinsu, domin sara aikin samari ne a watan sanyi, ɗaukar ganye aikin mata ne a farkon damina, ba wanda ya haɗa biyun. Na ɗauko nawa damin a ka, wuyana kamar zai karye, ina tafe ina tunani. Injin ɗaya ne, kaka ɗaya ce, ga abin da ya yi. In na jera irinsa a kowane ƙauye, shekara kaɗan za a yi a sami injin busar da citta ko'ina, a rasa ganyen da za a rufe ta. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban tukunya mai shirin fashewa.

Na gwada neman mafita kafin in buɗe baki. Na rage bakin murhu, na lulluɓe jikinsa da laka don ya riƙe zafi, na gwada buntun shinkafa da totuwar masara. Ya rage ci, amma ba yadda zai hana a shiga kurmi ba, totuwa kuma mata suna girki da ita. Kwal sai an kawo daga nesa, kananzir kuwa ranar da ya yi wuya injin ya zama ɗakin kaji. Duk ta inda na juya, ƙarshensa dai bayan loko nake hangowa. Sai na wanke hannu na tafi rumfar Alhaji a kasuwa, na same shi ana auna masa buhuna. Na gaya masa abin da na gani, na ce ba zan ƙera ko ɗaya ba, wanda ke ƙauye ma zan je in kashe shi.

Alhaji mutum ne mai haƙuri, amma ranar sai da ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Malam Bulus, na riga na ba mutane baki. Itace kuwa da injinka da babu, sarewa ake yi. Kai ne mai gadin daji?"

"A'a, Alhaji. Amma cittar da kake saye a ƙarƙashin ganyen nan take tsirowa. Ba zan ƙera abin da zai cinye gonar da yake yi wa aiki ba."

"In na kai wa wani mai walda ya duba ya yi mini irinsa fa?"

"Ƙarfenka ne. Amma ba da hannuna ba."

Ya mayar da hularsa, ya juya wajen ma'auni. Mun fi shekara ba mu zauna a benci ɗaya ba, sai dai gaisuwa daga nesa, abin kuma ya yi mini ciwo ƙwarai.

A gida abin ya fi zafi. Uwarku ta riga ta gaya wa zumuntar mata cewa Ubangiji ya buɗe mana ƙofa. Tana tankaɗen gari na faɗa mata, ta ajiye rariyar a hankali.

"Baban Rahila, ka ce me? Yarinya ta ci jarrabawa, za ta shiga makarantar nas. Da ganye za mu biya?"

"Za ta shiga, Saratu. Baɗi."

"Baɗi. To, fain. Kai ka gaya mata da bakinka, ni ba zan iya ba."

Na gaya mata da bakina. Rahila, ba ki yi kuka a gabana ba, kin dai ce to Baba, kika tashi kika shiga ɗaki. Shekarar nan kin yi ta kina taya uwarki sayar da ƙosai a bakin tasha, ƙawayenki suna wucewa da farin yunifom. Ban manta ba, ba kuma zan ce miki abin bai kai ya yi zafi ba. Wannan shi ne kuɗin da aka biya, ke kika biya mafi yawansa. A gari kuwa suna suka sa mini, wai Mai Injin Ajiya. Har a ƙofar coci wani dattijo ya tambaye ni ko gaskiya ne ina jin tausayin itatuwa fiye da 'ya'yana.

Da na je ƙauye na kwance ƙofar murhun na ɗora a keke, Mama Asabe ta fito ta riƙe ƙugu.

"Kai wane irin mutum ne? Ka kawo abu mai kyau, ka zo ka ɗauke. Ka mayar da ni gadin akuya?"

"Mama, ki ba ni kaka ɗaya. Zan kawo miki wanda ba ya cin itace."

"Zai ci me?"

"Rana."

Ta yi tsaki ta koma ciki, ranar ko ruwa ba a ba ni ba.

Abin da na sani a duniya shi ne yadda iska mai zafi take hawa bututu, domin da shi jirgi yake numfashi. Sai na zauna na sake tunani daga tushe, na kafa wa kaina doka: ba zan sa komai a cikinsa ba sai abin da ake samu a kasuwar Kachia ranar kasuwa, ko a bakin rafi. Wani tsohon abokin aiki ya kawo mini gilashin tagar tarago, ya ce zai ƙara zafi. Gaskiya ya faɗa, na gwada na gani, amma na mayar masa, domin ranar da ya fashe babu inda ƙauye zai sami wani. A bayan gidan Mama na gina ɗan ɗaki na bulon laka, na jingina masa kwanon rufi shafe da baƙin fenti ta gefen da rana take bugawa, iska ta shiga ta ƙarƙashinsa ta ɗau zafi, ta ratsa tire-tiren da na saƙa da tukurwa, ta fice ta dogon bututu a sama. Babu wuta, babu fanka, babu abin da ke juyawa. Na farko ya turara cittar maimakon ya busar, na rushe. Na biyu bututun ya yi gajere. Na uku ne ya ja iska yadda nake so, har in ka sa tsumma a bakinsa sai ka ga yana kaɗawa. Bai kai na wuta sauri ba, kusan mako yake ɗauka, amma citta tana fitowa da tsabtarta, akuya kuma sai dai ta zagaya tana kallo.

Sauran gwaji ɗaya, shi ne wanda ya sa uwarku ta ce lalle kaina ya taɓu. Bayan Mama ta busar da zubi biyu ta fara sakin fuska, na tara mutanen gidan, na zare tire guda na karya shi a gwiwata, na ɓalle ƙofar na jingine ta a bango. Na ce musu zan koma Kafanchan, kada wanda ya aiko mini, ko an aiko ba zan zo ba sai kaka ta ƙare. Ina so in san ko abin zai rayu in babu ni. Watannin nan na yi su ba kwanciyar hankali, duk motar Kachia da ta tsaya sai in leƙa ko an aiko. Da na koma na tarar wani mai saƙa asabari ya yi sababbin tire, sun ma fi nawa sauƙin ɗagawa, kafintan ƙauye ya mayar da ƙofar da igiyar fata. A gidan maƙwabta kuwa ga wani irinsa a tsaye, birkilan garin ya leƙa ya auna da taku ya gina. Mama ta zuba mini kunu a babban kwano.

Alhaji ya cika maganarsa, ya sa wani ya ƙera masa na wuta guda biyu a waɗansu ƙauyuka. Ban taɓa zuwa na gani ba, don haka ba zan ba ku labarin abin da ban shaida ba. Abin da na sani, wata safiya ina walda sai na ji an ja duro an zauna. Na ɗaga gilashin ido, ga shi nan. Ya zube mini citta a benci kamar wancan karon, amma wannan fara tas.

"Daga gidan surukarka na sayo," in ji shi. "A can inda na kafa nawa, dagaci ya hana sara, mata sun kai ƙara a kan ganye. Injiniya, wannan ɗakin lakar naka, ana koyar da shi ne ko shi ma na ajiya ne?"

Muka yi dariya har masu shagon kusa suka leƙo. Daga nan shi yake sayen kwano da fenti ya ba manoman da yake hulɗa da su, ni kuma in bi ƙauye-ƙauye a babur ina nuna wa magina. Ba mu zama masu kuɗi ba, domin abin da kowa zai iya kwaikwaya ba ya sa mai shi ya yi arziki, na kuma san haka tun ranar da na zaɓi laka. Amma da shi Rahila ta gama makarantar nas, da shi sauranku kuka yi karatu, da shi aka yi wa gidan nan rufi. Kurmin bakin rafi kuwa ya mayar da jikinsa. Ranar jana'izar Mama na gangara na tsaya a ciki, inuwa ta rufe ni, matan ƙauyen suna sassabe a nan kusa da gida suna hira.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in, muna dawowa daga ta'aziyya ni da uwarku, motarmu ta lalace a wani ƙauye ta wajen Zangon Kataf, inda ban taɓa sa ƙafa ba. Muna jiran direba ya gama kwance-kwancensa sai na hango dogon bututu a bayan wani gida. Na taka na je. Shi ne, ɗakin laka, baƙin kwano a jingine, ƙamshin citta yana fita ta sama. Amma baƙin ba na fenti ba ne, sai na kai yatsa zan shafa in gani. Wata mata ta fito daga kicin da muciya a hannu.

"Baba, kar ka taɓa, za ka ɓata mini. Kunkunniya ne da ƙaro, jiya na shafa."

Na janye hannu na ba ta haƙuri. Na ce ni baƙo ne, wannan mene ne? Ta dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mutanen birni, ta shiga yi mini bayani dalla-dalla, inda iska take shiga, inda take fita, dalilin da ya sa bututun yake da tsawo. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na tambaye ta wa ya ƙirƙiro shi.

"Ƙirƙiro? Ai haka muke yi a nan. Mijina ya gani a garin ƙanwarsa, su ma sun gani a wani wuri."

Saratu tana tsaye a bayana. Na ji ta ja numfashi za ta yi magana, na taɓa hannunta ta fasa. Muka yi wa matar godiya muka koma bakin hanya, muka zauna a ƙarƙashin wata ɗorawa. Daɗin da na ji a ranar ban ji irinsa ba ko ranar da aka ba ni takardar ƙwarewa a loko, har sai da na share ido da hannun riga. Uwarku tana kallon bututun ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Baban Rahila, ko sunanka ba su sani ba."

"Ba sa bukata, Saratu. Yana aiki."

Rahila, in za ki sake ba da labarin a wurin biki, ki ba da shi da dariyarsa, ban hana ba, kin fi kowa iko da shi. Amma ki kai shi har wurin matar nan mai muciya da ta hana ni taɓa injina.